Mako Ukun Baffa

Ranar da aka hau da Baffa saman bene, samari uku ne suka ɗauke shi a kan kujerar roba, suna dariya, domin ba su zaci mutumin da ya rame haka zai yi wannan nauyi ba. Auta, ɗan ƙaninsa, yana gaba yana hawa da baya yana ba da umarni. Lauya da Furofesa, abokan Auta tun makarantar kwana, suka riƙe ƙafafun kujerar. Ta huɗunsu, wadda suke kira 'Yar Gayu, tana biye da filo da ledar magunguna tana cewa a yi a hankali. Baffa ya ƙidaya matakalan da ido yayin da suke wucewa a ƙarƙashinsa. Goma sha bakwai ne.

"Mako uku ne kawai, Baffa," in ji Auta, yana haki. "Da mun gama sai mu mayar da kai falonka."

Falon ƙasa dogo ne, kuma tsawonsa ne ya sa aka ajiye Baffa a cikinsa tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Maigida, ƙaninsa, ya sa mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bango, daga inda gadon yake har ƙofar banɗaki, taku ashirin da shida. Malamar asibiti mai koya masa tafiya takan zo Litinin da Alhamis, sauran kwanakin kuwa shi kaɗai yake yi, safe da yamma, yana jan ƙafar yana zaginta ƙasa-ƙasa. Malamar ta faɗa masa a gaban kowa cewa ƙafar ta fara tuna aikinta, amma irin wannan ƙafa ba ta yafe hutu: in aka bar ta zaune ta daɗe, jijiyoyin za su ɗaure, gwiwar ta lanƙwashe, babu kuma wanda zai sake miƙe ta. A makon da aka hau da shi sama, Baffa yana yin taku goma sha tara ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Saura bakwai ya shiga banɗaki da ƙafarsa, ya rufe ƙofa a bayansa, ba tare da wani ya riƙe masa wando ba. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

Tsawon falon ne kuma ya ja hankalin Auta. Shekara uku da gama jami'a yana tashi daga barci da azahar, sai ga shi wata rana ya fito da takardu ya ce ya rubuta wasan kwaikwayo, kuma a dandamali za su nuna shi, ba a talabijin ba. Wasan a kan abokai huɗu ne da suka yi niyyar buɗe kamfani, ba su san abin da kamfanin zai sayar ba, suka shafe kashi uku na wasan suna gardama a kan sunan da za su sa masa. Auta ya ce labarin tsararsu ne, 'ya'yan da aka yi wa komai har aka rasa abin da za a bar musu su yi. Ya ce falon ƙasa daidai yake da faɗin dandamalin da za su kama haya, ko taku ɗaya bai rage ba.

Ɗakin sama yana da kyau, babu mai musun wannan. Akwai na'urar sanyaya ɗaki da labule mai kauri. Amma tsakanin gado da ƙofa taku uku ne, ƙasan kuma tayil ne mai santsi kamar an shafa masa mai. A barandar waje Hajiya, matar maigida, ta jera kabad ɗin gilashi na kwanukanta daga wannan bango zuwa wancan, babu inda mutum zai dafa. Baffa ya gwada taku ukun nan da safe, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har santsi ya kwashe shi ya faɗa bakin gado. Daga ranar Hajiya ta ce wa Kuku, wanda shi ke kai masa abinci da fo, kada ya sake barinsa ya miƙe in babu kowa. Kuku kuwa yana da tukwane huɗu a kan wuta da bakuna goma da ke jira.

A rana ta biyu Baffa ya ji ƙarar kwance ƙarfe daga ƙasa. Da Kuku ya hawo Baffa ya tambaye shi, sai Kuku ya sunkuyar da kai ya ce ƙarfen dafawar ne aka cire. Furofesa ya ce yana ɓata kallo, kuma sun ga zai yi daidai da rataya labulen dandamali.

Malamar asibiti ta zo ranar Alhamis, ta hawo, ta dubi ɗakin, ta ce nan ba wurin tafiya ba ne. Ta murza masa ƙafar a kan gado, ta sauka ta nemi Hajiya. Baffa yana jin muryoyinsu ta ramin matakala. Malamar ta ce tunda yaran ba sa fara gwaji sai la'asar, a riƙa saukar da shi da safe ya yi tafiyarsa. Hajiya ta ce ai da ma hakan ya fi, to amma sun manna salatif a ƙasa, kowa da inda zai tsaya, kowace kujera da alamarta, Auta ya ce ko tsintsiya kada ta shiga. Ta ce a yi haƙuri, mako uku kamar yau ne. Ta ƙara da cewa gara ma malamar ta ɗan huta da zuwa har a gama, kada a riƙa wahalar da ita a banza.

Haka falon yake wuni a kulle tun safe har la'asar, da kujeru huɗu da tebur ɗaya a cikinsa, Baffa kuma yana kwance daidai samansa.

Da la'asar sai motoci su shigo ɗaya bayan ɗaya. A yi sa'a guda ana gardamar abin da za a aika a sayo a ci. A yi wata sa'ar ana dariyar wani da suka sani. Sannan Auta ya tafa hannu, a fara. Muryoyin suna hawowa tar, don haka kafin mako na biyu ya ƙare Baffa ya haddace kashin farko. Ya san inda Lauya zai ce abota ita ce kaɗai jarin da suke da shi, ya san a nan kullum yake mantawa da abin da ke biye, har Baffa yakan faɗa masa layin daga kan gado da karkataccen bakinsa, ko da yake babu mai ji. Akwai inda 'Yar Gayu take cewa tana jin kamar an ajiye ta a ɗaki mai kyau an manta da ita. Takan faɗe shi da rawar murya, wani lokaci har ta yi kuka na gaske. Baffa bai taɓa jin haushinta ba. Ya lura dai cewa duk ranar da ta yi kukan, da wuri suke tashi, su tafi shan iska don ta huce.

Mako uku suka cika ranar wata Talata. Baffa ya sa Kuku ya ɗaure masa kayansa a leda tun safe. Har rana ta faɗi babu wanda ya hawo. Washegari ya ji cewa Lauya ya bi iyayensa hutu na kwana goma, ba a gwaji sai da shi, ba a kuma taɓa falon, domin salatif.

Da Lauya ya dawo, sai Auta ya ce ƙarshen wasan bai yi masa ba, zai sake rubutawa. Da ya sake, Furofesa ya ce sabon ya fi tsohon muni, suka yi kwana tara ba sa magana. Da suka shirya, 'Yar Gayu ta ce ba za ta hau dandamali da fitilun haya ba, sai an yi odar nasu. Kowane jinkiri yana da dalilinsa, kuma in mutum ya ɗauki dalilin shi kaɗai ya duba, ba zai ce ƙarya ba ne.

Maigida yakan leƙo ranar Lahadi, waya a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ya jiki?" A mako na bakwai Baffa ya riƙe hannun rigarsa da hannunsa mai lafiya, ya yaye mayafi ya nuna masa ƙafar. Ta fara tsukewa, gwiwar ba ta kwanciya sosai a kan katifa. Akwai rata da mutum zai zura tafin hannu a ƙarƙashinta. Ya ce a mayar da shi ƙasa, ko a lungu ne, ko bayan labulensu ne.

Maigida ya zauna a bakin gado, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya yi magana a hankali, kamar mai neman alfarma. Ya ce Yaya ya fi kowa sanin halin da aka shiga da yaron nan Auta, shekara uku ba ya ko cin abinci da mutane, har likitan ƙwaƙwalwa an kai shi a ɓoye. Ya ce yau ga shi yana tashi yana wanka, yana dariya, yana kiran mutane a waya. In aka taɓa masa falon nan yanzu, wa ya san inda zai koma?

"Kai babba ne, Yaya. Kai ka iya haƙuri. Shi yaro ne."

Yaron yana da shekara ashirin da takwas. Baffa ya saki hannun rigar.

Abin da ya fi cin ransa shi ne bai iya tsanar kowa ba. Auta yakan hawo wani lokaci da lemo mai sanyi, ya zauna a ƙasa ya jingina da gado kamar yadda yake yi yana ƙarami, ya karanta masa sabon shafi, ya tambaye shi ko ya yi daɗi. Idan Baffa ya kawo zancen ƙafa, sai fuskar yaron ta canza da damuwa ta gaskiya, ya ce wallahi abin yana ransa, gobe-gobe zai yi wa sauran magana. Yana fita kuma maganar take zubewa a matakala.

A wata na uku Baffa ya daina jira. Wata Laraba da la'asar, Kuku ya tafi cefane, Hajiya tana unguwa, ya zame daga gado zuwa ƙasa. Ya ja jiki da gwiwar hannu ya wuce gaban kabad ɗin gilashi, yana ganin fuskarsa a jikin kowace ƙofa. A bakin matakala ya zauna, ya sa hannun dama ya ɗaga ƙafar hagu ya ajiye ta a mataki na ƙasa, sannan ya sauke mazaunansa. Haka ya yi sau goma sha bakwai. A na tara ya tsaya ya huta har ya ji kamar numfashinsa ba zai dawo ba. Bai yi tunanin abin da zai yi in ya isa ba. Yana so dai ya ga bangon nan, ya dafa shi ko babu ƙarfe, ya miƙe, su gani da idonsu abin da ya rage.

Ƙofar falon a buɗe take. An kashe fitilun ɗaki an kunna sababbin da aka yi oda, hasken ya taru a kan teburin. Su huɗun suna tsakiyar kashi na uku, akwai kuma baƙi biyar a kan kujeru, abokan da aka gayyato su ga gwaji. Baffa ya shigo da jan gindi ta ƙarƙashin labule, gumi ya jiƙa rigarsa, wandonsa ya zame har rabin cinya, ya faɗo cikin hasken. Ya kama ƙafar teburin ya yunƙura. Ƙafar dama ta miƙe. Ta hagu ta tsaya a lanƙwashe, yatsunta kawai ke taɓa ƙasa. Ya tsaya haka yana tangaɗi, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita daidai.

Ɗaya daga cikin baƙin ya fara tafi, a zatonsa cikin wasan ne. Biyu suka taya shi kafin su ga fuskar Auta.

Aka kunna fitila. 'Yar Gayu ta cire mayafinta ta rufe masa jiki tana hawaye. Aka kawo kujerar roba. Suna hawa da shi Baffa ya ji Furofesa yana ce wa baƙin, cikin muryar da yake bayani da ita, wannan shi ne abu mafi gaskiya da ya taɓa faruwa a kan dandamalin nan, kuma ya kamata Auta ya yi tunani a kai.

Da yamma aka yi zaman iyali a bakin ƙofarsa, ana magana a kansa kamar ba ya nan. Hajiya ta ce da ya faɗo ya karye, me za a ce wa dangi? Maigida ya ce Yaya tun yana da lafiya haka yake, in ya sa abu a ransa ba ya jin magana. An ce abin ya taɓa Auta ƙwarai, har ya kasa cin abinci. Washegari kafinta ya zo ya sa ƙaramar ƙofa mai sakata a saman matakala, sakatar ta waje. Hajiya ta shigo da kanta ta yi masa bayani cewa don lafiyarsa ne.

Bayan wannan kwanakin suka daina bambanta. Baffa ya bar ƙidaya su. Bayansa ya fara ciwo inda yake kwanciya, Kuku yana juya shi yana shafa masa hoda. Wata rana Kuku ya kulle ƙofa ya ce bari su gwada su biyu, ya sa kafaɗarsa a hammatar Baffa ya ɗaga shi. Da ya ga yadda ƙafar take reto, sai ya mayar da shi a hankali, ya gyara masa filo, ya ɗauki kwanon abinci ya fita ba tare da ya dube shi ba. Gwajin ƙasa ma ya ragu, daga kullum zuwa sau biyu a mako, daga nan zuwa ranar da aka ga dama. Wani lokaci motocin su zo, amma ba a tafa hannu ba, sai ƙarar kallon ƙwallo.

A wata na shida wasan ya mutu ba tare da an sanar ba. Mahaifin Lauya ya buga waya ɗaya, aka ba Lauya ofis. Furofesa ya sami gurbin digiri na uku a waje. 'Yar Gayu ta ce ita dama tun farko ta ga ba za a kai ko'ina ba. Auta ya yi mako biyu a ɗaki, sannan ya fito da fara'a ya ce ya gane kuskurensa: zamanin dandamali ya wuce, shirin hira zai fara a intanet, abin da yake buƙata kawai ƙaramin ɗaki mai labule mai kauri wanda hayaniya ba ta shiga. A gidan kaf ɗaki ɗaya ne haka.

Ranar Asabar direba da maigadi suka sauko da Baffa. An share falon, an ɓanɓare salatif, an kira mai walda ya mayar da ƙarfe. Maigida ya tsaya yana murmushi ya ce to ga shi, alkawari ya cika. Aka aika wa malamar asibiti.

Ta zo ranar Litinin. Ta gaishe shi, ta yaye mayafin. Ta sa hannu ɗaya a cinya, ɗaya a dunduniya, ta ja a hankali. Baffa ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Gwiwar ta tsaya inda take kamar an yi mata walda. Ta sake gwadawa ta gefe, sannan ta mayar da mayafin ta daidaita shi da kyau.

"Wata nawa?" ta tambayi Hajiya.

Hajiya ta ce ai ba a daɗe sosai ba, abubuwa ne suka yi yawa.

"Zan riƙa zuwa ina murza masa don ciwon ya ragu. Amma a nemo keken guragu. Ƙafar nan ta gama tafiya."

Maigida ya raka ta har mota, ya dawo yana cewa waɗannan ƙananan ma'aikatan sun cika yanke hukunci, zai nemi babban likita. Babban likitan ya zo bayan kwana huɗu, ya faɗi abu ɗaya da kalmomi masu tsawo.

Kafin wata ya ƙare gidan ya daidaita a kan labari ɗaya, ba tare da an zauna an tsara shi ba. Baffa ya fara jinsa a bakin Hajiya tana waya, sannan a bakin maigida, sannan a bakin dangin da suka zo dubiya, waɗanda suka iso da shi a shirye daga gidajensu. Labarin shi ne an yi wa Baffa komai: ɗaki mai sanyi, malama har gida, ƙarfe a bango. Shi ne ya saki jiki. Ciwon nan yana son mai zuciya, shi kuwa ya karaya da wuri.

Wata Lahadi da hantsi falon ya cika da 'yan dubiya, mata a wannan gefe, maza a wancan. Baffa yana kan keken a tsakiya, an sa masa sabuwar riga. Tun kafin su zo mararsa ta cika, ya yi ta neman Kuku da ido, amma Kuku yana kicin yana haɗa wa baƙi abin sha, shi kuma ba zai iya faɗin abin da yake so a gaban surukai da 'ya'yan ƙanne ba. Auta ya sauko da abin sauraro rataye a wuya, ya gaida kowa, aka tambaye shi sabon shirin, ya yi bayani mai tsawo, aka sa masa albarka. Sannan ya durƙusa gaban keken ya riƙe hannun Baffa mai lafiya cikin nasa biyu.

"Baffa, ka ga ni ma na taɓa kwanciya na ce ba zan iya ba. Amma sai da na tashi da kaina. Babu wanda zai yi maka, sai ka sa a ranka."

Wata gwaggo ta ce kai, yaron nan ya yi hankali. Maigida ya gyaɗa kai, idonsa ya ciko.

Baffa ya dubi yaron, ya ga babu ƙarya ko kaɗan a fuskarsa. Ya ji ɗumi yana bin cinyarsa, yana gangarawa ta lanƙwasasshiyar gwiwar zuwa cikin safa. Ya zare hannunsa daga na Auta, ya jawo mayafin ya rufe ƙafafunsa har ƙasa, ya ce, "Na ji. Allah ya yi maka albarka."